Randunan da Na Sa Aka Ajiye a Ƙofar Gida

An yi wasu shekaru a unguwarmu ta Anka da baƙo zai iya gane iyakar unguwar ba tare da ya tambayi kowa ba. Inda duk ya ga randa a ƙofar gida, da moɗa rataye a gefenta, yana cikinmu. Inda randuna suka ƙare, ya shiga unguwar wasu. Ni na kawo wannan tsari, kuma na daɗe ina jin daɗin a ce ni na kawo shi.

Shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara ina koyarwa a wata firamare kusa da Dareta. Ba 'yan ajina ta fi ɗauka ba, ƙannensu ta riƙa ɗauka. Sai in kira suna da safe, yaro ya miƙe ya ba da hanzarin rashin zuwansa jiya, hanzarin kuwa kullum iri ɗaya ne, an yi rasuwa a gida. Da likitoci suka zo suka bincika, suka ce ƙurar dutsen zinaren da ake kawowa gida a niƙa ce. Aka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka zuba sabuwa. Mu kuma muka ɗauki darasi ɗaya daga abin: cuta daga ramin zinare take fitowa, ta biyo mutum gida a rigarsa da tafin ƙafarsa. Mun haddace darasin nan da kyau, har ba mu bar wa wani darasi wurin zama ba.

Bayan an mayar da ni cikin gari koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, na je wurin mai unguwa da shawara. Kowane gida ya ajiye randa a ƙofa. Duk wanda ya dawo daga wurin haƙa ko wurin wanki ya tsaya ya wanke ƙafa da hannu da fuska, ya kaɗe riga, kafin ya taka zaure. Wani ya tambaya ko za a yi wa randunan murfi, na ce a'a, murfi yana kawo kasala, wanda ya gaji ba zai tsaya ɗaga faifai ba, gara ruwan ya riƙa kallonsa. Aka yi dariya, aka ce Malam ya san halin mutane. Wanda ba shi da randa ya yanka jarka, wani ya raba duro biyu, wani ya tsaga tsohuwar tayar mota ya kwantar. Ba wanda yake zubar da ruwan ya wanke mazubin, don ruwa a wurinmu ba abin zubarwa ba ne. In ya yi ƙasa mata su ƙara, da damina kuwa sama take ƙarawa.

Mutumin da ya fi kowa bin wannan doka a ƙofata yake kwana. Babarbare ne, daga can gabas, wanda tashin hankalin ƙasarsu ya koro shi ya zo yana aikin wankin zinare a wani sansani da ke kan hanyar Dareta. Shekara huɗu ya yi a shagon da ke jikin zaurena. Abokan aikinsa da yawa a sansanin suke kwana, ƙarƙashin leda, shi kuwa ya ce ya riga ya san yadda kwanan daji yake ƙarewa in masu bindiga suka zo, ba ya son ya sake gani. Ɗakin nan shi ne abin da yake da shi a duniya wanda ake rufewa da ƙofa.

Inna, mahaifiyata, Bafulatana ce, saboda haka tun ranar farko suka ɗauki wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba su ajiye ba. In ya dawo da yamma yana tsugune gaban randa, sai ta leƙo daga zaure.

“Bawana ya dawo. Wanke ƙahwahun ga da kyau, kada ka shigo muna da arzikin da ba ka samu ba.”

“Inna, yaushe Bafulatana ta fara koya wa mutane wanka? Ke dai ki ji da man shanunki.”

“Ji shi. Shekara huɗu kana haƙar zinari, ko zobe ban gani ba.”

“Yana nan tafe. Na hanci zan yi miki, irin na shanunku.”

Daga nan sai ta aika masa da fura. Haka suke kusan kullum.

A tsakiyar wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu. Ya sha magani, ya tashi, ya koma aiki, ba wanda ya sa abin a rai. Mako biyu bayan haka yara suka fara kwantawa a unguwa, gida bayan gida. Autata, mai shekara tara a lokacin, ta dawo daga makaranta ta ce bayan idonta yana mata ciwo. Kafin gari ya waye jikinta ya yi zafin da ban taɓa ji a jikin mutum ba. Tana kuka tana cewa ƙasusuwanta ake karyawa. Na kai ta aka yi gwajin maleriya, layi ɗaya ya fito, wato babu. Aka ce wani lokaci gwajin yana kuskure, aka ba ta maganin maleriyar duk da haka. Ta shanye, zazzaɓin bai ko kalle shi ba. Rana ta huɗu ƙananan jajayen ɗigo suka feso mata a hannu, da ta wanke baki kuma uwarta ta ga jini a ruwan.

Abin da ya fara zuwa ran kowa shi ne dalma. Aka gwada jinin yara da dama, har da nata, aka ce ba ita ba ce. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce bai sani ba. Ni kuwa malamin kimiyya ne, kuma ban saba fita daga aji da tambaya a hannu ba. Na ce in ba dalma ba ce to wata guba ce ta ramin da likitoci ba su riga sun sa wa suna ba. Na bi gida gida na ce a ƙara randuna, a sa ɗaya a tsakar gida ma, a ƙara yawan wanki. Mutane suka yi. A gidana kaɗai mazubi biyar suka tsaya cike da ruwa.

Sai ɗan telan da ke bayan gidana ya rasu, yaro ɗan shekara shida, bayan jini ya ɓalle masa ta hanci.

Kwana biyu da jana'izar, bayan la'asar, aka zauna a ƙofar masallaci kamar yadda aka saba, sai dai ranar ba wanda ya tashi. Telan yana zaune a cikinmu. Mai unguwa ya juyo gare ni.

“Malam, kai ka karantu. Hwaɗa muna gaskiya. Mi na wanga abu, kuma wa yak kawo shi?”

Zan iya tuna yadda na gyara zama, da yadda na ɗaga yatsa ɗaya, sannan biyu, sannan uku, kamar ina gaban allo. Wa ya fara kwantawa a unguwar nan? Wa yake zuwa ramin kullum? Gidajen da suka fi kamuwa, ba su ne kewaye da ɗakinsa ba? Ban ambaci sunansa ba, kuma na daɗe ina riƙe da wannan a matsayin kariya. Ban buƙaci ambata ba. Kafin a kira magariba an yanke cewa zuwa Juma'a Babarbaren ya nemi wani wuri.

Ni aka ɗora wa faɗa masa, tunda shagona ne. Na same shi a gaban randa. Ya saurara har na gama, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

“Malam, akwai ranar da na shiga gidan nan ban wanke ba?”

“Babu.”

“To.”

Ya ci gaba da wanke ƙafarsa. Inna ta ji, ta ce mini, “Kai, wanga aiki ba na ɗiyan kirki ba na.” Na ce mata jikanyarta ce kwance tana zubar da jini ta baki. Ta yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin na ci gardama.

Ranar Laraba wata mota ta tsaya a bakin layinmu. Masu bincike ne daga wata jami'a, sun ji labarin zazzaɓin da ba ya jin magani, sun zo da rakiyar ma'aikacin lafiya na gari. Shugabarsu wata likita ce, gajeriya, mai Hausar Kano, da takalmin roba a ƙafa. Sun zo da akwatunan ƙanƙara, da ƙananan kwalabe, da wani bututu da suke tsotse sauro da shi daga jikin bango da ƙarƙashin gado. Mutanen unguwa suka fito kallo. An saba da a zo a ɗebi jini tun zamanin dalma, amma ba a taɓa ganin babban mutum mai digiri yana rarrafe yana farautar sauro da rana tsaka ba.

Suka ɗebi jinin Auta da na sauran yaran da ke kwance. Babarbaren bai je aiki ba ranar, yana ɗaure kaya. Da ya ji abin da ake yi ya fito ya naɗe hannun riga ya miƙa wa likitar.

“Ni ne aka ce na kawo. Ɗebi nawa, ki ɗebi da yawa.”

Ta dube shi, ta dube ni, ta ɗiba. Sannan ta zo fita, idonta ya faɗa kan randar ƙofa. Ta tsaya. Ta karɓi ludayi fari daga hannun wani abokin aikinta, ta nutsa, ta ɗago, ta miƙo mini ƙarƙashin hanci. Ruwan garau yake, kuma cike yake da ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil.

“Wa ya sa aka ajiye waɗannan a kowace ƙofa?”

Ban kai ga buɗe baki ba mutum uku suka nuna ni, da alfahari.

“Malam, 'ya'yan sauro ne waɗannan. A zubar da ruwan nan yau, a kife komai.”

Na yi murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya yi saurin ɗaga hannu. Na ce, “Likita, sauro a kwata yake haihuwa, cikin ruwan ƙazanta, kuma da dare yake cizo. Shekara ashirin ina koyar da wannan. Kowane yaro a gidan nan a gidan sauro yake kwana.”

“Wannan na maleriya kake faɗa, shi ma ba duka ka faɗa daidai ba. Dubi ƙafarka.”

Na duba. A kan idon sawuna, ƙarfe huɗu na yamma, rana tana nan sarai, wani baƙin sauro mai zanen fari a ƙafafu yana zaune yana shan jinina cikin natsuwa. Ta ce wannan ruwa mai tsabta yake so, wanda aka ajiye a mazubi kusa da mutane, kuma da safe da la'asar yake cin abincinsa, lokacin da gidan sauro yake naɗe a sama. Ta ce tana zargin wata ƙwayar cuta da ake kira bairos, wadda irinsa yake ɗauka, amma zargi ne, sai an kai jinin da sauron ɗakin bincike an karanta ƙwayoyin halittar abin da ke ciki. Zai ɗauki makonni.

Aka kife randuna ranar, ana gunaguni, wasu suna kallona ko zan hana. Ban hana ba. Amma na sami mafaka nan take, kuma ina jin kunyar saurin da na same ta. Na ce wa mai unguwa, to ko da sauro ne yake yaɗawa, ai sauro ba ya ƙirƙirar cuta, daga jikin wani yake ɗauka, kuma mun san wanda ya fara kwantawa. Mai unguwa ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta, shi ma ba ya son a ce ya yanke hukunci ya janye.

Da safiyar Juma'a Babarbaren ya tsaya a ƙofar zaure, ƙullin kayansa a ƙasa.

“Malam, matar nan ta ce makonni. Ku bar ni makonnin. In takarda ta ce ni ne, ba sai kun kore ni ba.”

Kalma ɗaya daga bakina ta isa. Shagona ne, kuma maganata ce aka bi tun farko. Amma telan yana tsaye a ƙofar gidansa yana kallonmu, daga cikin gida kuma ina jin nishin Auta. Na ce masa abin ya fi ƙarfina. Ya ɗauki ƙullin, ya ɗaga murya ya ce, “Inna, bawanki ya tafi.” Ba ta amsa da wasa ba. Ta fito da ƙwarya a rufe ta miƙa masa, ta koma ciki ba ta dube ni ba.

Auta ta tashi bayan kwana goma, ta rame kamar an sake ta da wani jiki. Zazzaɓin ya yi ta raguwa a unguwa har ya ɗauke. Mutane suka ce ka gani, daga tafiyarsa. Cewa an kife randuna kwana biyu kafin tafiyar tasa, wannan ba wanda ya ga dalilin ambatawa, ni ma ban tunatar ba.

An fara yankan gero lokacin da ma'aikacin lafiya ya aiko a kira ni. Likitar ta dawo da sakamako, kuma ta ce tana son ganin malamin nan na randuna. Na same ta a wani ƙaramin ofis, da kwamfuta a buɗe, allon cike da layuka na haruffa masu launi.

Ta ce sunan cutar denge. Na taɓa ganin sunan a littafi, a babin cututtukan wasu ƙasashe, babin da muke tsallakewa in zango ya ƙure. Na tambaye ta yadda aka yi suka tabbatar.

“In yara biyu suka kawo maka aikin gida, yaya kake gane ɗaya ya kwafa daga ɗaya?”

“Daga kuskure,” na ce. “Amsar daidai kowa yana iya samu. In suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, an kwafa.”

“Aikinmu ke nan.”

Ta ce kowace ƙwayar bairos tana ɗauke da rubutun halittarta, dogon layi na haruffa sama da dubu goma, kuma duk lokacin da ta hayayyafa sai ta kwafi rubutun, wani lokaci ta yi ɗan kuskure, 'ya'yanta su gaji kuskuren. Ta nuna mini layi na farko, daga jinin Auta. Na biyu, daga jinin ƙanwar ɗan telan da ya rasu, wadda ita ta rayu. Na uku da na huɗu, daga sauron da suka tsotsa a zaurena da bayan ƙyauren shago. Ta sa yatsa tana gangarowa. Inda harafi ya sauya a layin farko, nan ya sauya a sauran. Ban buƙaci ta fassara mini ba. Na sha ba da sifili a kan shaidar da ba ta kai wannan ƙarfi ba.

Na ɗago daga allon. Na ce, “Shi fa? Mutumin da ya miƙa hannu?”

Ta buɗe wata takarda. “Maleriya ce ta kwantar da shi, sauranta ma yana cikin jininsa lokacin da muka ɗiba. Denge babu. Mun kuma duba ko jikinsa ya taɓa yaƙi da ita, don in mutum ya warke alamar tana zama a jini. Babu. Bai taɓa haɗuwa da ita ba a rayuwarsa. Ya ce mana da sassafe yake fita, ba ya dawowa sai rana ta kusa faɗuwa, ina jin abin da ya tsare shi ke nan. Yana nan dai ko?”

Na ce ya tashi.

“Allah Ya kyauta. Ɗakinsa ne mafi kusa da babbar randar. Shi ya fi kowa zama cikin haɗari a gidan.”

Na tambaya, da wata murya da ban san ina da ita ba, to wa ya kawo. Ta ce ba ta sani ba, kuma rubutun ba zai faɗa ba. Irin wannan ta daɗe tana yawo a ƙasashenmu na yamma, ana kiranta maleriya, ana ba ta maganin maleriya, masu sauran kwana su warke. Kowane matafiyi yana iya shigowa da ita a jininsa bai sani ba, ɗan kasuwa, direba, wanda ya je biki. Wasu ma ciwon jiki na kwana biyu kawai suke yi. In babu sauron, a jikin mutumin take mutuwa. In ya tarar an tanadar masa sauron a kowace ƙofa, shi ke nan.

Tana magana ina lissafin kwanaki. A farkon daminar nan na je Sakkwato aikin duba takardun jarrabawa, mako guda, na dawo da ciwon gaɓoɓi da ɗan zazzaɓi, na haɗiyi ƙwaya biyu na tafi aji. Ba a ɗebi jinina ranar Laraba ba, domin ni ban miƙa hannu ba. Ban sani ba ko ni ne, kuma ba zan taɓa sani ba. Ban faɗa mata ba. Na roƙe ta takardar sakamakonsa, ta ce hakkinsa ce, in zan kai masa hannu da hannu ta ba ni.

Washegari na hau babur ɗan haya zuwa sansanin. Tun daga nesa ake jin injinan niƙa. Wuri ne na ƙura da ruwan laka da rumfunan leda, mutane daga ko'ina, Zabarmawa, Mossi, Katsinawa, kowa fari fat har gashin ido. Na tambayi Babarbare da ya zo daga cikin gari. Wanda na tambaya ya ce, “Mai cutar? Ga shi can,” ya nuna mini ƙarshen fili.

Na dubi inda ya nuna. Ban taɓa tunanin maganar da na yi a ƙofar masallacinmu tana da ƙafar da za ta kawo ta nan ba. Tana da ita, kuma ta riga shi isowa. Rumfarsa ita kaɗai ce a gefen, nesa da sauran, ta ɓangaren daji. Kwanon wankinsa daban, mazubin ruwansa daban.

Ya gan ni, ya gaishe ni kamar jiya muka rabu. Ya tambayi Auta, ya tambayi Inna. Na ba shi takardar, na faɗa masa abin da ke ciki, duka, har da randunan. Ya juya ta gaba da baya. Da Turanci take, ba ya karantawa.

“Ni na san ba ni ba ne, Malam. Su za ka faɗa wa.”

Ya je ya yi magana da mai inji, wani ƙaton Bakatsine, wanda ya dube ni sama da ƙasa kafin ya yarda ya kashe inji ɗaya. Mutane suka matso, kamar talatin. Na hau kan buhun dutse, na fassara takardar layi layi. Na yi musu bayanin sauro mai zanen fari, da rubutun halitta, da kwafin kuskure. Ban taɓa koyar da darasi da kyau kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin ƙarancin daɗin hakan ba.

Wani daga baya ya ce, “To in ba shi ba ne, wa ya ce shi ne?”

“Ni.”

“Randunan fa, wa ya sa?”

“Ni.”

Wani ya fashe da dariya, wasu suka bi. Mai inji ya ce, “Kai Malam, Allah Ya sa ba kai ke koyar da ɗana ba,” ya juya ya tayar da injinsa. Taron ya watse cikin ƙara.

Na sauko na ce masa shagon yana nan a share, zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗi abin da na faɗa a nan, ya zo mu tafi yau. Ya ninke takardar huɗu, ya sa a leda, ya tura cikin aljihun ƙirji.

“Ka faɗa musu, yana da kyau. Amma ba zan iya kwana a ɗakin da na san kalma ɗaya tana fitar da ni ba. Nan aƙalla ba wanda ya ce mini gidana ne.”

Na ce masa dajin nan ba lafiya, shi ya sani fiye da ni. Ya ce ya sani.

Lokacin aka kawo abincin rana, shinkafa da wake a babban faranti, mutane suka kewaye. Wani dattijon Bazabarme ya ɗago, ya dube shi, ya muskuta ya buɗe wuri a gefensa, ya ce, “Zo mana.” Babarbaren ya tsaya ɗan lokaci yana kallon wurin. Sannan ya miƙa ƙaramin kwanonsa aka zuba masa, kamar yadda aka yi ta yi wata biyu, ya koma ƙarshen fili ya zauna ya ba mu baya yana ci.